Bangon da Na Daina Gogewa

Ƙwas! Ƙarar da ta fara mana komai ke nan. Ɗan murfin ƙarfen da ke jikin ƙofa ne, inda ake zuro wasiƙa, ya ɗaga ya koma. Ina kicin ina yanka albasa. Hanifa, lokacin shekararta huɗu, ta ruga a guje, don ɗauko wasiƙa aikinta ne, ba ta yarda kowa ya riga ta. Ta kawo min ambulan ruwan ƙasa tana rawa da ita a saman kai. Har yau ban manta wannan ƙarar ba.

Shekararmu uku ke nan a Withington, cikin Manchester. Mijina, Abban Hanifa, digiri na uku yake yi, gwamnatin jiharmu ce ta turo shi. Aka canza gwamnati a gida, sabbin suka daina biyan makaranta, makaranta ta dakatar da shi ta sanar da ofishin shige da fice. Wasiƙar da Hanifa ta yi rawa da ita cewa take an yanke mana biza, mu nemi wata ko mu tattara.

Muka nemi wata. Lauya ya haɗa takardu, ya haɗa da fasfunanmu uku ya tura. Ya ce muddin ba su ba da amsa ba, zamanmu halal ne. Na tambaye shi yaushe za su amsa. Ya ɗaga kafaɗa.

To halal ne, amma babu abin nunawa a hannu. Lokacin kuwa an shigo da dokar da ta ce mai gida sai ya duba takardun ɗan haya, in bai duba ba a ci shi tara. Da wa'adin hayarmu ya cika, yarinyar ofishin dillalan gidaje ta kira mu. Yarinya mai ladabi, wallahi, ban taɓa ganin wanda ya kori mutum yana ba shi haƙuri kamarta ba. Ta ce wasiƙar lauya ba ta isa ba, mai gidan ba ya son abin da zai jawo masa magana. Muka shiga neman ɗaki. A waya sai a ce akwai. In muka je aka tambayi fasfo, sai a tuna wani ya kama jiya. Taimakon gwamnati kuma ba namu ba ne, tun ranar da muka shigo ƙasar an rubuta haka a katinmu na izinin zama. Da abin da yayan Abban Hanifa yake turowa daga gida muke ci.

A masallaci wani ya ba Abban Hanifa lambar Alhaji Mamuda na Birmingham. Aka ce mutumin kirki ne, Bahaushe ne, yana da gidaje.

Ya zo tashar mota da kansa ya ɗauke mu. Farin kaftani a ƙarƙashin baƙar kwat, carbi a hannu, shekara talatin a ƙasar, jan fasfon Ingila a aljihu. Abban Hanifa ya fara zaro wasiƙar lauya, Alhaji ya ture hannunsa.

"Haba Malam, mayar. Ni ba na tambayar ɗan'uwa takarda. Kalmar Shahada ita ce takardarka a wurina." Ya waiwayo inda nake. "Ƙanwata, kukan ya ƙare. Kun zo gida."

Na kuwa yi kukan a bayan motarsa, na rufe fuska da mayafi. Wata huɗu cur ina ambaton sunan mutumin nan a sujada. Ina roƙa masa gida a Aljanna. A duk abin da ya yi mana, wannan addu'ar da ya ci a bakina tana cikin abin da ya fi ƙona min rai.

Gidan a Lozells yake, cikin jerin gidajen jan bulo da suke manne da juna. Ya raba shi ɗaki ɗaki. Namu na ƙasa ne, ta baya, kusa da banɗaki. Yana ƙamshin sabon fenti, an shafa shi fari tas a kan takardar bango. Gado ɗaya, sif ɗaya, sai katifar Hanifa da muka shimfiɗa a jikin bango don nan ne kawai wuri ya rage.

Sharaɗinsa ɗaya ne. Kada mu ba kowane ofishi adireshin gidan. Makarantar Hanifa ma adireshin shagonsa muka bayar. Da na yi maganar yin rajista wurin GP, wato likitan unguwa, sai ya kama baki.

"Ƙanwata, kina son a zo a kwashe ku? Ai kwamfutarsu ɗaya ce. Likita ya danna sunanki, masu biza sun gani. Ki bari takardu su fito tukuna."

Ba shi kaɗai yake faɗar haka ba, a gaskiya. Kowa a lokacin tsoron asibiti yake, ana ta labarin waɗanda suka je neman magani aka biyo su gida. Ban san wanne ne gaskiya wanne ne ƙari ba. Na dai ji tsoro, ban je ba.

Da sanyi ya shigo, fentin ya fara faɗar gaskiya. Ɗigo ɗigo baƙi a kusurwa, kamar an watsa masoro. Na goge. Bayan kwana uku ya dawo da 'yan'uwansa. Na goge. Ya haura ta bayan sif, ya sauko ta gefen katifa. Takalmin sallar Hanifa da na ajiye a ƙasan sif na ɗauko na tarar ya yi gashi kore. Funfuna ce, irin wadda ke fitowa a tuwon da aka manta, sai dai wannan a ɗakin kwananmu take. Ga wari, irin na tsumman da ya kwana a jiƙe, ya kama mana tufafi har Abban Hanifa ya daina tsayawa sahun gaba a masallaci.

Ni kuma na san maganin wari. Ina da turaren wuta kwalba uku da ƙanwar babata ta haɗa min a Maiduguri, da ɗan kaskona. Na hau kujera na ɗaure wa ƙararrawar hayaƙi safa don kada ta tona min asiri, na rufe taga saboda sanyi, na turara ɗakin safe da yamma. Maman Yusra, 'yar Zariya da ke ɗakin sama da jaririyarta, takan tsaya a ƙofa ta ce, "Kai, Maman Hanifa, ɗakinki kamar na amarya." Ni kuma in ji daɗi.

Hanifa ta fara tari. Na ba ta zuma da habbatussauda. Na shafa mata man zafi a ƙirji. Tarin ya koma wani ɗan fito a ƙasan numfashinta, siririn sauti, in ta hau matakala sai ta tsaya a tsakiya ta dafa gwiwa kamar tsohuwa. Na yi wa Alhaji maganar bangon sau uku. Ya ce haka Ingila take, kowane gida da danshinsa, in riƙa gogewa.

Malamar ajinsu ce ta lura. Ta kira ni ta ce ma'aikaciyar lafiya ta makaranta tana so ta zo ta ga inda yarinyar take kwana. Ta tambaye ni adireshi ido cikin ido. Ni ban iya ƙarya a fuskar mutum ba, na faɗa mata na gaskiya.

Washegari labari ya kai wa Alhaji, sai ga shi da galan biyu na bilic da buroshi. Bai yi faɗa ba. Ya zauna a bakin gadonmu ya sassauta murya.

"Kin yi ganganci, amma ya wuce. Yanzu ki saurare ni. Mutanen nan in suka ga datti a inda yaro yake kwana, ba sa tambayar na waye. Ɗauke yaron suke yi su ba wani. Na ga an yi da idona. Ki gyara ɗakin nan ya yi kamar madubi."

A nan zan faɗi gaskiya a kaina, don na yi alkawarin ba zan ɓoye ba. Ko bai kawo bilic ba, da na goge. Ni 'yar gidan da ake share tsakar gida kafin baƙo ya gama sallama ce. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, ko tana kwance ba lafiya aka ce ga masu dubiya, sai ta ce a canza zanin gado. A ce Baturiya ta shigo ɗakina ta ga bango baƙi? Ta koma ta ce haka matan Najeriya suke zama? Kwana biyu ina gurza bango har fatar yatsuna ta sale. Na tura sif ya rufe wurin da ya ƙi fita. Na shimfiɗa zanin gadon aurena. Na soya cincin. Na turara ɗakin har hayaƙi yana fita ta ƙarƙashin ƙofa.

Matar ta zo. Dattijuwa ce, a gajiye, ta ce makarantu da yawa aka haɗa mata tunda aka rage ma'aikata. Ta duba sama ta duba ƙasa, ta ci cincin ɗaya ta yaba. Ta tambaye ni ko muna da matsalar danshi. Na ji bakina ya ce a'a. Ta rubuta. Ta ce ɗakin ƙarami ne amma tsaf yake, sai dai in rage hayaƙin nan, zai iya tayar wa yarinyar da tari, kuma lallai in kai ta wurin GP. Na raka ta ƙofa ina murna na fita kunya.

Kwana goma sha ɗaya bayan haka, da azahar, waya ta yi ƙara. Hanifa ta faɗi a filin wasa. Motar asibiti ta riga ta ɗauke ta.

Ban san yadda na isa ba. Na tarar da ita a kan gado an rufe mata hanci da baki da robar iska, leɓenta ya yi shuɗi shuɗi, haƙarƙarinta yana shiga yana fita kamar na tsuntsun da aka kama. Likita ya ce asma ce mai tsanani, kuma akwai ciwo a huhun da ya daɗe yana ci. Ya tambaya me ya sa ba a taɓa kawo ta ba. Abban Hanifa ya sunkuyar da kai. Ya tambaya ko akwai funfuna a gida, sannan ya duba takardar da ke hannunsa ya amsa wa kansa: an je an duba, babu. Rubutun matar nan ne. Aikin hannuna ne.

A kwana na uku Alhaji ya zo dubiya da ledar lemo da ayaba. Ya tsaya a kan Hanifa ya yi addu'a mai tsawo, ya tofa. Sannan ya juyo, a gaban mijina, ya girgiza kai.

"Ai na ji abin da ma'aikaciyar ta rubuta. Turaren nan ne, ƙanwata. Ku mata ba kwa jin magana. Kin rufe yarinya a ɗaki kin yi ta banka mata hayaƙi. Allah ya kiyaye gaba, amma da ta mutu, da hannunki ne." Ya ɗan matso. "Kuma in likitoci suka yi tambaya, a tsaya a kan turaren. Maganar gida in ta fito, ba ni za a sa a jirgi ba."

Ina kallon carbinsa yana juyawa a yatsunsa. A ranar na san akwai wani abu a cikina da ban taɓa sani ba. Ni da ko kaza ba na iya kallo ana yankawa, na ji ina so in ga mutumin nan a durƙushe. Da ya fita na ɗauki lemonsa na zuba a kwandon shara, Allah ya yafe min wannan, abinci bai yi min laifi ba. Na shiga ɗan ɗakin salla na asibitin na yi sujada, a daidai wurin da na saba roƙa masa Aljanna na ce, "Allah ya isa tsakanina da Mamuda." Na faɗa da ƙarfi. Ban san da mutum a bakin ƙofa ba.

"To, amin. Wane ne Mamuda?"

Na ɗago. Wata mata ce gajera mai jiki, cikin rigar masu kula da marasa lafiya, da ɗan gicciye a wuya. Sunanta Saratu, 'yar Kafanchan, shekararta goma sha biyar a asibitin. Ta ce ta daɗe ba ta ji an ja wa mutum Allah ya isa da Hausa mai kyau haka ba, dole ta tsaya. Na yi dariya cikin kuka. Na ba ta labari duka, har da safar da na ɗaure wa ƙararrawa.

Anti Saratu ta riƙe haɓa. "Ke, kin goge? Da hannunki kika goge shaidarki?"

"Na goge, Anti."

"Kai, mu dai da kunya! Ni ma da na goge, kada ki ga ina miki faɗa." Ta zauna kusa da ni a ƙasa. "Saurara. Turare bai taimaka ba, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma turare ba ya cin huhu wata da watanni. Na biyu, GP ba ya neman fasfo kafin ya duba yaro. Na uku, council, wato ƙaramar hukuma, suna da masu duba gidajen haya. Ba zan rantse miki babu haɗari ba, ƙasar nan yanzu ba a rantsuwa a kanta. Amma ki yi tunani. In Alhajinki ya kira masu biza, me zai ce musu? Ya cika gidaje da mutane bai duba takardar kowa ba? Dokar da yake tsorata ku da ita, wuyansa ta fara kamawa."

Ban taɓa kallon abin ta nan ba. Wata takwas muna tsoron mutumin da shi ma tsoro yake ji.

Ranar da aka sallami Hanifa, ba Lozells muka kai ta ba. Anti Saratu ta ce ɗakin 'yarta da ta tafi jami'a yana nan a Balsall Heath, babu kowa. Mijinta, Baba Yohanna, ya kwashe littattafai ya kunna hita. Ta je da kanta ta sayo naman halal, ta ware tukunya, ta nuna wa Hanifa inda gabas take da ɗan tef a jikin kafet. Ban roƙe ta ko ɗaya ba.

Ni na koma Lozells. Na kira council na ba da sunana na gaskiya da adireshi na gaskiya. Suka ce masu dubawar sun ragu, sai na jira kamar wata biyu. Na ce zan jira. Na ɗauki buroshi da sauran bilic na ajiye wa Alhaji a ƙofar shagonsa.

Abban Hanifa ya tsorata. Mutum ne mai sanyi, kuma zaman banza ya riga ya karya shi.

"Rukayya, kin san abin da kike shirin jawo mana?"

"Na san abin da na riga na jawo."

"Mu bar shi da Allah. Mu nemi wani wuri mu tashi."

"Mu tashi ya sake fenti ya sa wata? Na bar shi da Allah, Abban Hanifa. Na kuma haɗa shi da council."

Ban taɓa yin aiki mai wuya kamar rashin goge bangon nan ba. Kullum da safe in shiga bas biyu in je in shirya Hanifa, in dawo in zauna ina kallon baƙin yana yaɗuwa. Hannuna yana ƙaiƙayi. Sau biyu na tsinci kaina da tsumma a hannu ban san lokacin da na ɗauka ba. Funfunar ta ci kusurwa, ta haɗe da ta bayan sif, ta haura silin, takardar bangon ta kumbura ta fara zazzagowa. Ni ma na fara tari. Ina kallonta kamar mai kiwon dabba, ina ce mata, girma, ki girma, akwai wanda nake tara wa ke.

Na hau sama wurin Maman Yusra na ce ita ma ta daina gogewa. Ta kalle ni sama da ƙasa.

"Ke 'yarki tana da wurin zuwa. Tawa fa? In bar ta ta shaƙa don ki huce haushi?"

Gaskiyarta ce. Na ce to ranar da suka zo ta buɗe ƙofa kawai. Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba.

Alhaji ya zo sau biyu. Na farko da lallashi, ya ce zai sake fenti kyauta. Na tsaya a bakin ƙofa na ce fentinsa na farko ma bai gama yi mana aiki ba. Na biyu da barazana, ya zaro waya ya ce yanzu zai kira masu biza. Na ce, "Kira, Alhaji. In sun zo ni zan zagaya da su gidajenka uku, na san hanya." Ya daɗe yana kallona. Ya mayar da wayar aljihu. Daga ranar bai sake ce min ƙanwata ba.

Ranar da mai dubawa ya zo, ban share ba, ban turara ba, ban shimfiɗa komai ba. Baƙo ya shigo ɗakina yana wari, ni 'yar mahaifiyata. Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Saurayi ne dogo, ya shigo yana murmushi, ya ja numfashi ɗaya murmushin ya ɗauke. Ya koma mota ya ɗauko abin rufe hanci. Da hannuna na ja sif ɗin gefe. Na nuna masa inda katifar Hanifa take, na gwada masa da tafin hannu tazarar da ke tsakanin hancinta da bangon. Bai kai tafi ɗaya ba. Ya ɗauki hoto, ya manna wani ɗan inji a bango, ya rubuta, ya rubuta. Yana fita sai na ji ƙofar sama ta buɗe. Maman Yusra ce a kan matakala da jaririyarta a kafaɗa. Ta ce masa da Turancinta na sakandare irin nawa, ya hau ya gani.

Kafin mu bar ɗakin na yage wani yanki na takardar bangon, baƙi ƙirin, kamar faɗin faranti. Na sa a leda na ɗaure. Ban san me zan yi da shi ba a lokacin.

An rufe gidan. An bi sauran biyun, an kai shi kotu, an hana shi ba da haya. Ba zan ce kowa ya gode min ba. Samari biyu da ke ɗakin gaba sun ɓace tun kafin mai dubawa ya iso, har yau ban san inda suka kwana ba. Su Maman Yusra aka tura su wani gari mai nisa inda ba su san kowa ba, ba ta sake ɗaukar wayata ba. A wurin suna mata suka riƙa matsawa in na zauna, ana cewa ga wadda ta kai ɗan'uwa gaban Turawa. Waɗannan suna damuna, ina yi musu addu'a. Amma Mamuda, ranar da na ji ya sayar da gida biyu, na yi nafila raka'a biyu, kuma ba ta neman gafara ba ce.

Takardunmu sun fito bayan shekara biyu da wani abu. Ambulan ruwan ƙasa, ta ƙofa, ƙwas. Abban Hanifa bai ƙarasa digirinsa ba, bas yake tuƙawa. Muna da flat ɗinmu a Balsall Heath, layi biyu daga gidan Anti Saratu. Hanifa shekararta goma sha ɗaya yanzu. Likita ya ce wani ɓangare na huhunta ba zai dawo ba. Duk inda za ta, shuɗin maganin shaƙarta yana aljihu. Ranar wasannin makaranta ita ce mai riƙe agogo, sauran suna gudu. Wanda ya rubuta dokar da ta hana mu ɗaki bai san sunanta ba. Ban san fuskarsa ba, shi ya sa na bar nasa sai ranar da za a tara mu duka. Mamuda kuwa na san fuskarsa.

Bara, da zai tafi aikin Hajji, ya aiko liman da dattijai biyu neman yafiya. Matarsa ta haɗo su da babbar kula cike da tuwon shinkafa da miyar taushe. Na shimfiɗa musu darduma, na kawo ruwa, na zauna daga gefe.

Liman ya ce, "Maman Hanifa, Allah yana son masu yafiya."

Na ce, "Haka ne, Malam. Amma bai tilasta wa wanda aka zalunta ba, ko ya tilasta?"

Ya ce bai tilasta ba.

"To nawa haƙƙin ina riƙe da shi. Na Hanifa kuma ba ni da ikon bayarwa, ba huhuna ba ne. In ta girma ya zo da ƙafarsa ya tambaye ta."

Tuwon ban zubar ba, na koyi wannan. Na kai wa maƙwabta suka ci. Na wanke kular tas, na goge ta har tana ƙyalli. A gidanmu ba a mayar da kwano babu komai a ciki. Na buɗe ƙasan akwatina na ɗauko ledar nan, na sa ta a ciki, na ɗora kwankon maganin shaƙar Hanifa na farko a kai, na rufe. Abban Hanifa ya kalle ni, ya kalli kular. Ina jiran ya hana. Sai ya ɗauki makullin mota ya ce shi zai kai.

Na manta ban rufe akwatin ba. Da la'asar na shigo ɗaki na tarar da Hanifa zaune a ƙasa, ta zaro kaskona da kwalbar turare ta ƙarshe, waɗanda na naɗe a tsohon zani tun ranar asibiti. Shekara shida ban kunna ba. Ko a gidan biki na ji ƙamshinsa, fita nake yi. Ta buɗe murfin tana sunsunawa. Na yi tsalle na fizge, na ce ta fita ta sha iska, maza.

Ba ta tashi ba. Ta kalle ni, ta yi magana da Hausarta ta 'yan Birmingham, wadda take ja a hankali kamar tana tsallake ruwa.

"Umma, na ji abin da mutumin nan ya ce miki a asibiti. Idona ne kawai a rufe. Ba ke ba ce. Bangon ne. Ai ni ce nake kwana a jikinsa."